Shekarar Da Mazarƙwaila Ta Yi Gumi

Tafin hannuna ne ya fara gaya mini. Kullum da safe, kafin in ɗora ruwan koko, nakan tura ƙyauren ɗakin ajiya in shafa dunƙulen mazarƙwailar da ke sama, yadda uwa ke taɓa goshin ɗanta. Wata uku ina haka, hannuna yana dawowa a bushe. Ran nan, wata Talata, da na ɗaga sai na ji ya ɗan manne kafin ya saki. Na fito haske na duba. Ga danƙo ja-ja tsakanin yatsuna, ga kiyashi guda ya riga ni jin labari, yana hawa wuyan hannuna.

Na koma na taɓa na ƙasa, na taɓa na lungu, na zura hannu har tsakiyar jerin. Duk haka suke. Mazarƙwaila ta fara gumi.

Wanda bai tashi a ƙasar rake ba zai ce mene ne abin tashin hankali a nan. To, bari in gaya masa. Mazarƙwaila ruwan rake ne da aka dafa har ya daskare, kuma ba ta mantawa da asalinta. Muddin iska a bushe take, sai ta zauna daram. Da iskar bazara ta juyo ta fara kawo laima, sai ta soma tsattsafo, daga nan ta yi laushi, daga nan ta kwanta ta malale ta yi tsami. Tsakanin gumin farko da narkewa, in Allah ya taimake ka, sati uku ne. Mu kuwa a shekarar nan, ta uku da samun mulkin kai, abin da ke cikin ɗakin nan shi ne tuwonmu na damina gaba ɗaya. Ba mu da gonar hatsi. Dawar da ta rage a rumbu ba ta kai gwiwa ba, ga baki biyar: ni, da Malam maigidana, da tsohuwarsa Iya wadda ido ya tafi, da 'yan matana biyu ƙanana.

Yadda muka rabu da gonar kuwa, ga shi. Shekara biyu kafin nan wani malamin gona ya zo garinmu Gazara a kan keke, ya tara maza a ƙofar dagaci. Malam ya dawo ya zayyana mini. Wai gwamnati ta ƙulla yarjejeniyar ciniki da ƙasashen ƙetare, su karɓi gyaɗarmu da audugarmu ba tare da sun ɗora musu kuɗin fito ba, mu ma mu sassauta wa kayansu. Ban san mene ne kuɗin fito ba sai da Malam ya ce shi ne abin da ake karɓa a bakin teku kafin kaya su shigo ƙasa, kuma shi ya sa farin sukari ya fi ƙarfin talaka, sai gidan hakimi da na ma'aikata. To, sukari an yi masa tanadi na musamman saboda mutanen rake, in ji malamin gona. Ba za a cire nasa a lokaci guda ba, kaɗan-kaɗan za a riƙa ragewa har shekara bakwai. Ya ɗaga yatsu bakwai, kowa ya gani.

Malam ya kwana biyu yana juya maganar. Ya ce shekara bakwai ta isa mutum ya tsaya da ƙafarsa, ya mai da abin da ya zuba, har ya sayi gona biyu. Sai ya sayar wa maƙwabcinmu Lawal da gonarmu ta tudu, wadda muke noma dawa da gyaɗa tun zamanin mahaifinsa, ya sayi injin matse rake da dokin da zai ja shi. Fadama kawai ya bar mana. Ban hana ba. Kai, ni ce ma na rangaɗa guɗa ranar da aka kafa injin.

Sana'ar nan tana da dabara guda, kuma Malam ya iya ta. Lokacin matsa, daga sanyi zuwa tsakiyar rani, kowane inji yana juyawa, mazarƙwaila ta cika kasuwar Makarfi har ana tuntuɓe da ita, ana saye a wulaƙance. Mai haƙuri ba ya sayarwa a lokacin. Sai ya jera tasa a ɗaki ya rufe, ya jira injuna su tsaya, ta yi wuya, masu lori daga Kano da Jos su fara bin ƙauyuka suna roƙo. Amma kada jiran ya yi yawa laima ta riske ka. Malam da shamuwa yake auna abin. Ranar da ta farko ta sauka a kan kukar bayan masallaci, ranar yake buɗe ɗaki. Shekarar farko haka ya yi, ya cika mana rumbu da dawa har ya yi wa Iya sabon zane. Shekara ta biyu sai ya ninka. Na wanke tasoshin da ake zubawa har fatar hannuna ta saɓule, dokin nan ya yi ta zagaye har ya haƙa rami da kofato, ɗaki ya cika har azara.

Ana gab da tsayar da inji sai ga Abdulwahabu, dillalin da ke haɗa mu da masu lori. Ina bayan zaure ina tankaɗe, ina jin komai. Bayan doguwar gaisuwa ya ce akwai wata lori da za ta Jos jibi, ya zo ne ya kwashe ɗakin duka a farashin ranar. Malam ya tambaye shi ko zazzaɓi ne ke damunsa.

"Mai-inji," ya ce, don haka ake kiran Malam a gari, "jiya na dawo daga Zariya. Shekara bakwai ɗin nan an naɗe ta. Bana za a cire kuɗin fiton gaba ɗaya, jiragen sukari ma suna hanya. Don Allah ka sayar yanzu."

Malam ya yi dariya har da tari. Ni ma na toshe baki da gefen zane. Ku fahimce mu, ba wauta ce zalla ba. Dillalin mazarƙwaila ba ya zuwa sai da mugun labari a aljihu, sana'arsa ke nan, ya tsorata ka ka saki kaya da wuri. Bara wannan Abdulwahabun ne ya rantse mana cewa gadar hanyar Kano ta karye, lori ba za ta ƙara zuwa ba, sai ga lori goma bayan sati biyu. Duk wanda ya san kansa a ƙasar rake, in dillali ya ce a gudu sai ya gyara zama. Da Malam ya shigo ya zauna a kan tuwo, na ga kamar maganar ta taɓa shi, sai na ce, "Bara gada, bana teku. Baɗi kuma zai ce mana sama za ta faɗo. Gwamnati da bakinta ta ce bakwai, Malam, kada ka ba shi ko dunƙule ɗaya."

Ni, Hajo, da wannan bakin nawa. Har yau in na tuna sai in ji kamar in cije harshena.

* * *

Na nuna wa Malam hannuna. Ya kama yatsana ya shinshina, ya fita ya tsaya yana kallon kukar bayan masallaci. Babu shamuwa tukuna, amma iska ta riga ta juya. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, sati uku ke nan da tsayawar injuna, ko lori ɗaya ba ta shigo Gazara neman kaya ba. Kullum sai mu ce wa juna gobe.

Washegari Laraba, ranar kasuwar Makarfi. Ya ɗora wa doki kwando biyu don ya gwada kasuwa, ya fita bayan asuba. Na yini kunnena yana hanya. Na ƙona miya, na yi wa yara tsawa ba su yi laifin komai ba. La'asar sakaliya na ji kofato a ƙofar gida, kuma daga nauyin takun na san kwandunan ba su sauka ba.

Ya zauna a kan turmi, na miƙa masa kunu. Malam ba ya shan kunu sai da zaƙi, tun yana saurayi haka yake. Ya shanye, ya karkaɗa ɗan abin da ya rage a gindin ƙoƙo ya watsar, kamar yadda yake yi kullum, don mazarƙwaila kome tacewarta sai ta bar ɗan yashi da baƙi-baƙin toka a ƙasa. Sannan ya ba ni labari.

Ya ce lori uku ya gani, kuma ba ɗauka suka zo yi ba, saukewa suka zo yi. Kwalaye ne masu zanen jirgin ruwa, an jibge su sun fi tsayin mutum, farin sukari 'yan ƙwayoyi masu kusurwa huɗu, ana sayar da shi ƙasa da yadda muke sayar da tamu ko a lokacin araha. Masu shayi sun koma can, masu alewa sun koma can, matan da ke kunun sayarwa ma suna ture juna. Wajen 'yan mazarƙwaila kuwa, daga mutanen Kudan har na Kurmin Kogi, kowa na zaune yana korar ƙuda da zuma daga kayansa. Mutum ɗaya tak ya taya masa, abin da ya faɗa ko kuɗin kwandon bai kai ba. Ya ga Abdulwahabu a gindin lorin sukari ana sauke masa kaya. Dillalin bai yi masa dariya ba, bai ce na gaya maka ba, sai dai ya sunkuyar da kai ya gaishe shi. Malam ya ce wannan gaisuwar ta fi masa zagi ciwo.

Daga ƙofar ɗakinta Iya ta ɗaga murya ta tambaya ko an sayar.

"Sai wata Larabar, Iya," in ji Malam.

* * *

Ran Juma'a Madina, 'yata ta biyu da ke aure a Taba, ta zo ganin gida. Mijinta manomin auduga ne, kuma bana auduga ta yi kuɗin da ba a taɓa gani ba. Ta shigo da sabon ɗankwali tana ta zuba, ta kwance ƙullin tsaraba tana murna, ga goro, ga sabulu, sai ga kwalin nan mai zanen jirgin ruwa. Wai yanzu kowa shi yake sha a Taba, ta ce bari ta kawo mana mu ma mu ɗanɗana. Yarinyar nan a gindin injin ubanta ta yi wasan ƙarshe kafin a kai ta ɗaki, amma ko kaɗan ba ta haɗa wannan da wancan ba. Na fizge kwalin na cusa a ƙarƙashin jeren kwanonina, na ce in ta kuskura ta ambata a gaban babanta sai na saɓa mata. Ta tsaya tana kallona baki buɗe.

Da ta tafi, abin kunya, sai na kasa haƙuri. Na zaro ƙwaya ɗaya na jefa a baki. Na so ƙwarai in ji wani aibu, ɗaci ko wari ko wani abin da zan kama in ce ai ga shi, mutane za su gaji su dawo. Babu. Ya narke tas a kan harshena, ba ƙauri, ba tsami, ba abin da ya shiga haƙori. A nan ne tsoro na gaske ya kama ni, don na san da ni ce mai kunun sayarwa, ni ma can zan koma.

Ran Litinin Malam ya tafi Ikara da ƙafa, don an ce can aka mai da malamin gonan nan. Ya bar doki ya huta. Na ce masa me zai yi maka, ya ce shi dai yana so ya ji daga bakin da ya faɗa. Ya dawo magariba ta kawo jiki, ƙafafunsa fari fat da ƙura.

Ya ce ya zauna a barandar ofis tun hantsi har azahar kafin a shigar da shi. Da farko mutumin bai gane shi ba. Da ya gane, sai ya ba shi kujera, ya yi masa bayani cikin ladabi. Ba shi ya canza ba, daga Ikko aka canza. Ƙasashen can ne suka ce in muka buɗe musu ƙofa da sauri, su ma za su buɗe wa gyaɗa da auduga da sauri, manya suka auna suka ga ribar ta fi asarar, sai aka gaggauta. Masu gyaɗa sun fi masu rake yawa nesa ba kusa ba, ga talaka ya samu sukari da araha. Malam ya ce wallahi duk abin da mutumin ya faɗa ya shiga hankali, kuma wannan ne ya fi ɓata masa rai.

"Na ɗaga masa yatsuna bakwai, Hajo. Na ce ranka ya daɗe, haka ka yi mana a ƙofar dagaci. Ya ce, 'Ƙasa ta ci riba, Malam. Ka koma gyaɗa.' Na ce, a wace gonar?"

"Sai ya ce me?"

"Sai ya duba agogonsa."

* * *

Kwana biyu bayan nan shamuwa ta sauka. Yara suka yi ta ihu suna mata waƙa. Bara ranar nan ranar buɗe ɗaki ce, ranar da na dafa wa masu ɗaukar kaya dambu.

Babu abin da ban yi ba. Na kai kaskon garwashi cikin ɗakin don ya kori laima, na yini ina fifita, hayaƙi ya mai da idona ja. Na toshe kowace kafa da tsumma. Na zagaye bango da toka saboda kiyashi, suka bi ta azara suka sauko. Na fitar da wasu rana in shanya, rana ta ƙara narkar da su. Na ɗora a faifai na bi gidaje, to wa zai saya a Gazara, garin da kowane gida na uku yake da nasa ɗakin yana gumi? Matar Lawal ta karɓi dunƙule biyu ta ba ni mudun dawa, na san don kunya ta yi, ban ƙara komawa ba. Malam ya sake zuwa Makarfi Laraba biyu. Ya sa injin a kasuwa, babu mai so. Ya sa doki, aka ce dawakin inji sun fi masu saye yawa, kuma dokin da ya saba da zagaye ba ya tafiya miƙe. Kullum da safe in na zura hannu a rumbu sai na ƙara sunkuyawa, in na taɓa mazarƙwaila sai yatsana ya ƙara nutsewa. Abinci ya daina shiga mini.

Ana haka, wata Asabar da hantsi, na ji ƙarar lori ta tsaya a ƙofar gidanmu. Wallahi sai da na zubar da ruwan da ke hannuna. Na ruga bayan zaure na kasa kunne, na leƙa ta jikin asabari. Wani baƙo ne gajere mai hular sanyi, ba mu taɓa ganinsa ba. Bayan lorin gangunan ƙarfe ne a gefe guda, ɗaya gefen buhunan dawa. Ya ce ya ji muna da kaya. Malam ya gaya masa gaskiya, ya ce ta yi laushi, wata ma ta fara tsami. Baƙon ya ce ai haka yake so, ko ta zama ruwa zai ɗura a ganga. Ba kuɗi zai bayar ba, hatsi zai sauke, kuma abin da ya ambata zai kai mu har kaka in mun yi tattali. Na fara hamdala a zuci.

Sai na ji Malam ya ce, "Me ake yi da mazarƙwailar da ta yi tsami?"

Baƙon ya yi 'yar dariya ya ce shi dai a ba shi kaya ya ba da hatsi. Malam ya sake tambaya. Baƙon ya sake kaucewa. A ta uku ya ce to, tunda ana so a ji, can wajen hanyar jirgin ƙasa ake kaiwa, a jiƙa ta ta kwana biyu, a dafa ta zama giya. Ya ce gida huɗu ya riga ya ɗauka a garin nan, ba wanda ya yi masa wannan dogon bincike.

Ban gaya muku ba, Malam shi ne ladanin masallacin unguwarmu, shekara goma sha ɗaya. Can ya ce wa baƙon ya yi haƙuri, Allah ya kiyaye hanya.

Ban san lokacin da na tare shi a tsakar gida ba. Ni da ban taɓa ɗaga masa murya ba, ran nan har maƙwabta sun ji. Na ce ya leƙa rumbu ya gani. Na ce ba shi zai jiƙa ba, ba shi zai dafa ba, ba shi zai sha ba. Na ce waɗanda suka naɗe shekara bakwai suka mai da ita biyu suna can suna cin shinkafa, ba wanda ya tambaye su halal da haram, sai mu ne za mu mutu da tsarki?

"Hajo," ya ce, a hankali, "da bakin da zan ci wannan tuwon zan hau in kira salla?"

"Yaran nan ba kiran salla za su ci ba!"

Astagfirullah. Na faɗa, kuma ba zan ce ban faɗa ba. Iya ta yi salati daga ɗaki. Malam ya kalle ni, ba da fushi ba, da ma fushin ya yi da ya fi mini sauƙi. Muna tsaye haka muka ji lorin ta tashi. Na bi ƙarar da kunne har ta wuce rafi, kuma Allah ya sani ƙafafuna sun so su bi ta da gudu. Har yau ban san wanne ne mai gaskiya tsakanina da shi ba. Wata rana in ce shi, wata rana in tuna wuyan 'yar autata a daminar nan in ce ni.

* * *

Ruwan farko ya sauka ran Talata da azahar. Gari ya ɗauki murna, maza suna fito da garma, ƙamshin ƙasa ya tashi. Ɗakin ajiya bai yi yoyo ba ko ɗigo ɗaya, Malam ya yaɓe shi da kyau. Ba a bukatar yoyo. Kwana uku ana ruwa ana ɗaukewa, gari a lumshe, tufafi ba sa bushewa a kan igiya.

A rana ta huɗu na je in tura ƙyaure ya ƙi turuwa. Na duba ƙasa. Wani baƙin ruwa mai kauri ne ke fitowa ta ƙarƙashinsa, a hankali, ya yi hanya ya nufi tsakar gida. Malam ya sa kafaɗa ya ɓalle ƙyauren. Jerin nan da ya kai azara ya zauna, ya koma tudun laka yana kumfa. Zuma da zanzaro suka cika gidan har yara suka kasa fitowa. Ga wari. Ashe ba sai an kai ta hanyar jirgi ba, ita da kanta ta san yadda ake yi. Gidan ladan ya yi kwana biyar yana warin giya, masu wucewa zuwa masallaci suna kau da kai suna sauri.

Malam ya ɗauki fartanya ya haƙa 'yar kwata daga ƙofar ɗakin zuwa bayan gida, muka yi ta turawa da faifai da tsintsiya, wahalar shekara guda tana bi tana tafiya. Da ta ƙare ya mai da ƙasa ya rufe.

Sati na zagayowa ya je wurin Lawal neman ƙwadago. Lawal mutumin kirki ne, ya ji nauyi, ya ce haba Mai-inji, amma ya ɗauke shi, don bana ya shuke tsohuwar gonarmu da gyaɗa tun daga wannan iyaka har waccan, hannu yake nema. Da dawa yake biya, mudu-mudu, kullum da yamma. Abin da ya riƙe mu ke nan, ba ƙoshi, ba mutuwa.

Ranar farko na dama kunun tsamiya, tsararo, don garin ba shi da yawa. Na ɗanɗana na ji tsami har kunne. Mutum ya yini a sunkuye a gonar da aka haife shi a cikinta, yana yi wa wani noma, sannan in miƙa masa wannan? Na daɗe a tsaye a gaban jeren kwanonina. Sannan na ɗaga na ƙasa, na zaro kwalin, na jefa ƙwaya biyu na juya.

Na same shi a gindin ɗorawar da ubansa ya shuka. Daga nan ana hango fadamarmu, raken da aka sare ya sake tohowa kore shar, ba wanda ya ce masa ya yi. Na durƙusa na miƙa masa ƙoƙon. Ya yi bismilla ya kurɓa. Sai ya tsaya, kunun yana bakinsa bai haɗiye ba. Mutumin da ya dafa zaƙi da hannunsa ba a ɓoye masa irin wannan. Na sunkuyar da kai ina jiran abin da zai biyo baya.

"Na Madina ne?" ya ce.

Ashe ya sani tun ranar. Na gyaɗa kai.

"In ya rage ki riƙa sa wa Iya da yara."

Ya mai da ƙoƙon baki ya shanye a hankali. Da ya kai ƙarshe hannunsa ya yi abin da ya saba, ya karkaɗa gindin ƙoƙon zai watsar. Sai ya dakata, ya leƙa ciki. Babu yashi, babu toka, babu abin watsarwa. Ya daɗe yana kallon ƙoƙon. Sannan ya miƙo mini, ya ɗauki fartanya, ya koma kan kunyar da ya bari.